Hoton Dada da Farar Saniyarta

Kakata ta wajen uwa, wadda duk muke ce wa Dada, ta tsufa ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba, in ban da ɗan mitsitsin nan na katin zaɓe. Tana zaune a wata ruga da ta riga ta zama ƙauye, gaba kaɗan da Gwiwa. A da danginmu kiwo kawai suka sani, yanzu kowa na da gonarsa ta gero da gyaɗa, shanun kuma sun ragu. Ni ina koyarwa a wata firamare a Kazaure, da matata da yarana biyu. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, saboda haka ba ta kama sunana, Maigida take ce mini, kuma ba ma haɗuwa mu rabu ba ta tsokane ni ba.

Wata shekara, farkon damina, ta zo gidana ta kwana biyu don a duba mata idonta a asibiti. Tana zaune a falo sai ta ƙura wa hoton aurenmu ido, wanda ke rataye a bango. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, ka san fuskar kakanka ta fara ɓace mini? Muryarsa tana nan a kunnena, amma in na rufe ido in gan shi sai in ga rawani kawai."

Na fara ba ta haƙuri. Ita kuwa ba tausayi take nema ba, shawara ta riga ta yanke.

"Ni ba za a yi mini haka ba," ta ce. "Ka samo mini mai hoto. A ɗauke ni da saniyata, 'ya'yanka su nuna wa 'ya'yansu."

Saniyar da take nufi kowa a danginmu ya san ta. Fara ce tas, mai dogayen ƙahoni, kuma asalinta daga karsanar da mahaifin Dada ya ba ta ranar da aka kai ta gidan miji. Fari ya ci wasu, an sayar da wasu don hidimar aure da ciwo, amma wannan zuriyar ba ta yanke ba.

Na ce ai wayata ma tana ɗauka. Ta harare ni. Hoton waya, in ji ta, yana tafiya da waya in ta faɗa ruwa. Ita babba take so, mai gilashi, irin na bangona. Na ce to zan biya. Nan ma ta ƙi.

"In ka biya, kai ke da baki. Ni nake so in kasance da baki a kan fuskata."

Ta koma gida ta tara man shanu, ta haɗa da zabbinta ta kai kasuwar Gwiwa, ta ƙulle kuɗinta a gefen zani. Ni kuma na nemo wani saurayi mai shagon hoto kusa da tasha. Yaro ne mai fara'a da son aikinsa, duk bikin da aka yi a unguwarmu shi ake kira. Wata Asabar muka tafi, yana bin bayana a kan babur ɗinsa, kyamara rataye a wuya.

Mun tarar Dada ta yi kwalliyar da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ɗaura saƙin da take ajiya a ƙasan akwati, ta sa manyan 'yan kunnenta na azurfa, ta ja kwalli. An wanke saniyar har da sabulu, ga ta da tsohon ciki tana tafiya da ƙyar. Kafin yaron ya ɗaga kyamara Dada ta tsayar da shi.

"Ɗan nan, saurara ka ji abin da nake saye. Ni ce, da wannan saniyar, da tsamiyar nan ta bayan ɗakina. Ka ji?"

"Na ji, Hajiya. Ai sai kin yi mamaki."

"Ban je Makka ba tukuna. Inna za ka ce."

Ya yi dariya ya ce to Inna. Ya ɗauka ta nan, ya ɗauka ta can, ya durƙusa, ya miƙe. Ta kwance gefen zani ta biya shi duka a take, ta ce ita ba ta kwana da haƙƙin mutum. Aka dama masa fura da nono ya sha ya koma.

Da aikin ya fito ni na je na karɓo. Ya riga ya naɗe shi cikin takarda ya ɗaure da igiya, ya ce kar in buɗe, in bari tsohuwa ta fara gani. Haka na ɗaure shi a bayan babur na nufi ƙauye. Kafin in sauka mata sun cika tsakar gida, yara sun hau katanga. Dada ta zauna a tabarma, ta wanke hannu, ta yi bisimilla ta kwance igiyar.



A cikin gilashin wata mace ce fara sol, fuska sumul kamar an shafa mata man gyaɗa. Zanen Fulanin da ke gefen bakin Dada babu shi. Giɓin haƙorinta ya cike. Saƙin yana nan, 'yan kunnen suna nan, amma sun koma ruwan zinari. A bayanta wani katafaren gidan sama ne da furanni jajaye. Inda saniya ta tsaya kuwa, wata baƙar mota ce ke sheƙi, hannun matar a kan murfinta.

Dada ta kai hoton kusa da idonta, ta mayar da shi nesa, ta juya bayansa ta duba.

"Maigida, an yi kuskure. Ka ɗauko na wata matar gwamna."

Wata maƙwabciyarta ta fara fashewa da dariya, sai kowa ya kama. Har ita Dada ta dara, har da hawaye. Da dariyar ta lafa ta share ido ta ce, "To, ina nawa?"

Na yi mata bayani cewa haka ake yi yanzu, da kwamfuta ake gyara mutum, kuma mutane har ƙarin kuɗi suke bayarwa don a yi musu hakan. Na ce ta bari zan je in yi masa magana.

"A'a. Kai kunya gare ka, zai ce Malam yi haƙuri, ka ce ba komai. Ni na biya. Gobe ka ɗauke ni."

Washegari da hantsi ta hau bayan babur ɗina, ta rungume hoton a ƙirji kamar jariri. Duk ramin da na faɗa sai ta ce ban iya tuƙi ba, kakana a kan jaki ya fi ni. Da duwatsun Kazaure suka fara bayyana ta gyara mayafinta, ta ce in rage gudu kar ta isa a hargitse, ita ba faɗa ta zo yi ba.

Mai hoton ya tare mu da murna. Ya kawo mata benci, ya aika a sayo mata ruwa mai sanyi, yana ta tambaya ko 'yan ƙauye sun yaba. Ta bari aka gama gaisuwa tsaf, ta tambayi iyayensa da kasuwa, sannan ta jingina hoton a jikin teburinsa.

"Ɗan nan, wannan baiwar Allah kyakkyawa ce, Allah ya bar ta da mijinta. Amma ban san ta ba. Ina saniyata?"

Ya yi turus. "Inna, ai gyara ki na yi. Na kwana a kan aikin nan, ko sisi ban ƙara miki ba. Saniya a hoto ai ƙauyanci ne."

"To ni 'yar ƙauye ce, kuma ƙauyancin na biya. Wannan zanen da ka goge, uwata ce ta riƙe kaina aka yi mini shi. Wa ya ce ka taɓa?"

Na ga yaron ya ji abin a ransa, don shi tsakani da Allah kyauta ya ɗauka ya yi mata. Sai ya ɗan ɗaure fuska ya nuna wata takarda da ke manne a bango. Dada ta juyo gare ni.

"Me ta ce?"

"Ta ce in an biya kuɗin aiki ba a mayarwa."

"Wannan tsakaninsa da bango ne," ta ce. "Ni a ƙofar ɗakina muka yi ciniki, kuma bai zo da bangon ba. Ban da haka ma ba kuɗi na zo karɓa ba. Hotona na zo karɓa."

Na ce masa abu mai sauƙi ne, ya fito da na asalin ya wanke mata. Ya sosa ƙeya. Ashe ya yi wani biki a Roni, wurin ajiyar kyamarar ya cika, ya goge tsofaffin. Wanda ya gyara ɗin nan kaɗai ya rage.

"Amma kar ki damu, Inna," ya ce da sauri, ya jawo kwamfutarsa. "Yanzu zan cire motar in sa miki saniya. Zaɓi wadda kike so."

Ya fara nuna mata shanu a gilashin kwamfuta. Ta farko wata jibgegiya ce mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba tozo, ba ƙaho, tana tsaye cikin ciyawa kore shar. Dada ta riƙe haɓa.

"Wannan wa ya yanke mata ƙaho? Ina tozonta? Kai, wannan ko fillanci ba ta ji."

Ya nuna wata, ta ce sa ne. Ya nuna wata, ta ce wannan ta fi kama da surukar maƙwabciyarta. Tun yana ɗaure fuska har murmushi ya ƙwace masa. Amma ya tsaya a kan cewa shi ya yi aiki, ya kashe takarda da gilashi da mai, ba zai sake tafiya Gwiwa a kyauta ba.

"To," in ji Dada. Ta gyara zama a kan bencin, ta ciro goro ta ɓantara ta ba ni rabi. "Ni ba na sauri."

Ana haka wata budurwa ta shigo da saurayinta, za a yi musu hotunan kafin biki. Dada ta amsa gaisuwarsu, ta yi musu addu'ar zaman lafiya, sannan ta nuna wa yarinyar hoton.

"'Yata, dubi nan. Kin ga ni a ciki?"

Yarinyar ta duba hoton, ta dubi Dada, ta rufe baki da mayafi. "Inna, gaskiya ba ke ba ce. Amma wallahi ya yi kyau. Ni irin wannan nake so a yi mini, har da motar."

"Madalla. To ki faɗa masa da bakinki tun yanzu, ki biya, ya yi miki. Ya iya, ga shi kin gani. In kuma kin ce mota ya sa miki saniya, ki zo ki same ni mu zauna a bencin nan tare."

Dariyar da aka yi ce ta jawo wani dattijo mai gyaran rediyo da ke shago na gaba. Shi ne babba a layin, duk wata rigima ta masu shaguna gabansa ake kaiwa. Ya gaida Dada da girmamawa, ya zauna, ya ce a faɗa masa. Ta faɗi nata a taƙaice. Ya juya ga yaron.

"Ranar da kuka yi ciniki, me ta ce maka?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ta ce ita da saniya da tsamiya, Baba."

"Ka ce ka ji?"

"Na ce na ji."

"To ai magana ta ƙare. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Takardarka ta bango tana aiki ne in ka yi abin da aka sa ka, mutum ya dawo ya ce ya fasa. Kai kuwa ba ka yi ba. Ko ka mayar mata da abinta, ko ka koma ka yi mata aikinta, kuma ita ke da zaɓi." Ya dubi Dada. "Inna, wanne kike so?"

"Aikin nake so. Shi zai zuba mansa, ni zan ba shi abinci. Kuma ban ce ya yi mugunta ba, Malam. Ya so ya faranta mini ne, bai tambaye ni abin da ke faranta mini ba."

Wannan maganar ce ta kwance yaron. Ya durƙusa ya ce ta yafe masa, zai zo ranar Asabar mai zuwa. Ta ce Allah ya kai mu, ta miƙa masa sauran goron.

Ranar Juma'a da daddare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ce a raina ba zai zo ba, ga uzuri ya samu. Amma da safe sai ga shi a ƙofar gidana, ya naɗe kyamara cikin leda. Hanyar ƙauyen ta zama taɓo, sau da yawa muna sauka mu tura baburan. Mun isa ƙafafunmu duk laka har gwiwa.

Muka tarar da abin da ba mu zata ba. Saniyar ta haihu a tsakiyar makon, ɗan maraƙi fari kamar uwarsa, ƙafafu na rawa. Dada sai murna take, tana cewa da an yi daidai tun farko da maraƙin bai shiga hoton ba.

Sai dai saniya mai jego ba irin ta da ba ce. Yaron ya zo da wata farar lema da yake cewa tana gyara haske. Yana buɗe ta, saniyar ta sunkuyar da kai ta yi kansa. Ban san yana da gudu haka ba. Ya yar da lemar, ya zagaya rumbu, ta bi shi, ya sake zagayawa, daga ƙarshe ya kama reshen tsamiyar ya ɗare, kyamara na lilo a wuyansa. Yara suna ihu, mata suna riƙe ciki. Daga sama yake cewa, "Inna, ki yi mata magana! Ki ce mata na tuba!"

"Ta ji labarin ka mayar da ita mota," in ji Dada.

Ta matsa ta dafa wuyan saniyar, ta yi mata 'yan maganganu da fillanci a hankali, tana sosa mata gindin kunne har ta huce. Aka ɓoye lemar. Ya sauko yana kakkaɓe riga, shi ma yana dariya. Dada ta tsaya ƙarƙashin tsamiyar, hannunta ɗaya a kan tozon saniyar, maraƙin ya lafe a jikin saƙinta. Rana ta ɗan leƙo bayan ruwan, komai ya wanku. Ya ɗauka.

Wannan karon bai jira an ce masa ba, ya juyo da bayan kyamarar ya nuna mata. Ta sa hannu ta kare haske, ta duba da kyau, ta sa ni ma na duba.

"Zanena yana nan?"

"Yana nan, Dada."

"Giɓina fa?"

"Har shi."

"To kar ka taɓa komai, ɗan nan. Ko ƙudan da ke kan ƙahon nan ka bar shi, shi ma ya zo."

Yaron ya zauna cin tuwon gero da miyar kuka da man shanu, sai ga wani maƙwabci ya shigo janye da shanun huɗarsa, yana tambaya ko shi ma za a ɗauke shi. Bayansa wata tsohuwa da ragonta. Sai wani da sabon kekensa, sai wata mai tagwaye. Kowa ya zo sai ya tsaya ya faɗi abin da yake so a gaban mutane, yadda ya ji Dada ta yi. Wani ya ce a bar shi yadda yake. Mai keken ya ce shi a sa masa gidan saman, amma kar a taɓa keken. Yaron yana maimaita maganar kowa da ƙarfi kafin ya ɗauka, ana amsa masa da "Shaida!" Sai bayan la'asar muka kamo hanya. A hanya ya ce mini ko bikin Roni bai samu aiki kamar na yau ba.

Shi da kansa ya kai hotunan ƙauyen. Ina wurin lokacin da Dada ta buɗe nata. Ta daɗe tana bin fuskar da yatsa ta saman gilashi.

"Ashe haka na tsufa," ta ce. "Alhamdu lillahi. Kun ga nan? Hancin babana ne."

Ta sa aka buga ƙusa a saman gadonta, ta sa aka cire aka mayar da shi kusa da ƙofa, wai don saniyar ta riƙa ganin kanta in ta wuce. Yaron ya tambaye ta ko ta yarda ya rataye na farkon a shagonsa don talla. Ta ce ai ba ita ba ce, ya je ya tambayi mai shi.

Labarin ya zagaya dangi har Babura. Da sallah ta matso, wani tela ya ɗinka wa matata riga da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya ce yayi ne. Dada tana gidanmu a lokacin, an sake kawo ta ganin likitan ido. Matata ta roƙe ta ta raka ta.

"Ni ba lauya ba ce," in ji Dada. "Ke kika biya, ke za ki yi magana. Me kika ce ya ɗinka miki?"

Matata ta faɗa mata.

"To shi za ki faɗa masa, ba zagi, ba kuka. Ni zan zauna a gefe in ci goro."

Ta yafa mayafi, ta ce amma da sharaɗi, ba za ta hau bayan babur ɗina ba, adaidaita sahu take so, don ba ta taɓa shiga ba. Na tsayar musu da ɗaya a bakin titi. Ta shiga ta kama ƙarfe da hannu biyu, ta ce wa direban ya bi ta hanyar da ta fi nisa, tana so ta ga gari. Suka tafi ina jin dariyarsu ita da matata har suka sha kwana.